Taubashina da Sawun Ɗan Turba

Ranar da munka kai taubashina makwancinsa ban yi kuka ba, kuma an lura. Na ji wata jikanyarsa tana ce wa uwarta wai tsohon can ko hawaye bai yi ba, shi da ya fi kowa cin tuwon gidan ga. A kan tuwon dai yarinya ta yi gaskiya. Shi ɗan gwaggona ne, ni ɗan kawunsa, ya girme ni da shekara goma da 'yan kai, kuma tun da na yi wayo ban taɓa gaishe shi ban haɗa da tsiya ba. Abin da ake jira gare ni a bakin kabari shi ne in ce raggo ya gudu ya bar mu da zafin bazara, jama'a su yi murmushi, zuciya ta ɗan yi sanyi. Ban faɗe ta ba, na bi jama'a munka komo gida.

Zauren gidan, nan garin Isa, bai ɗauki masu gaisuwa ba, sai da anka shimfiɗa tabarmi har gindin darbejiyar maƙwabta. Rabinsu tsofaffi ne masu furfura, ba dangi ba, ba kuma 'yan unguwa ba. Ɗaliban da sunka yi haya a gidan ne, tun zamanin da anka buɗe sakandaren jeka-ka-dawo, yaran ƙauye sunka rasa wurin kwana. Wani ya zo daga Sabon Birni a bayan babur, da wannan hanya da kowa ya san halinta yanzu. Wani malamin asibiti ne da ya ajiye aiki, wani yana sayar da kayan gyaran babur. Dukansu Baba suke ce mishi. Suna gaisuwa fuska a murtuke, sai ɗaya ya tuna ranar da anka sa shi taka yumɓu, dariya ta ƙwace musu, su yi istigfari, su sake murtukewa.

Babbansu, wanda muke kira ɗan Alkalawa, don da sunan garinsu ake kiran yaran gidan, shi ne shugaban ɗaliban gidan a wancan zamani. Yanzu tsohon hedimasta ne, da tabarau da sanda. Shi ya gyara murya ya ba da labarin da ya ce ya fi kowane nuna halin mamaci. Wai a shekarun fari an kama ɓarawon hatsi a gidan, wani yaro ɗan Turba, amma Baba don tausayi ya ƙi kama sunansa, ya rufa mishi asiri. Jama'a sunka yi kabbara, sunka ce Allah ya rufa nasa asirin. Ni ina kusurwa, kunun da anka miƙo mini ya huce a hannuna.

Dalili kuwa, kwana tara kafin wannan taubashina ya sa an kira ni, ya kori kowa daga ɗakin. Na ce mishi in rabon gado ne a ba ni tsintsiya, tunda ita kaɗai ya tara a duniya. Bai yi dariya ba.

Ya ce, "Ɗan Turba bai ɗauki ko ƙwaya ba. In an rufe ni ka faɗa wa mutane. Kai ne marar kunyar dangi."

Na ce shi mi ya hana shi faɗi, ga bakinsa nan yana aiki. Ya juya fuska wajen bango, ya ce akwai sunan da bakinsa bai taɓa kamawa ba, ba kuwa za shi fara a gadon mutuwa ba. Sannan ya ba ni labarin, yana kewaye sunan kamar mai kewaye bakin rijiya. Da wannan kaya na zauna a zaure. Ranar addu'ar uku jama'a za su watse, kowa ya koma garinsa da labarin hedimasta, in ban buɗe baki ba yaron ya tabbata ɓarawo ke nan har tashin ƙiyama.

Za ni faɗi yadda anka yi, amma sai kun san mutumin tukuna, kada ku yanke mishi hukunci irin na baƙo. Ni aji huɗu na yi na gudu, kuma duk da haka ni ne ɗan bokon danginmu, saboda haka wanda ya ga rubutun ya karkace ya yi haƙuri, babu wanda ya fi.

Taubashina ko baƙi ɗaya na boko bai sani ba. Yana yaro gwaggo ta ba da shi ga wani Bafillace abokin ubansa, ya yi shekara bakwai yana bin shanu tsakanin nan da ƙasar Faransa, kamar yadda tsofaffinmu ke kiran Nijar. Can ya koyi bin sawu. In an sace raƙumi ko jaki shi ake kira. Sai ya duƙa ya dubi ƙasa, ya ce mutum biyu ne, ɗaya ya manyanta, ɗaya yana ɗauke da kaya a kafaɗar hagu, sun wuce kafin raɓa ta sauka. Kullum kansa a sunkuye yake tafiya, mutane na cewa tawali'u ne, alhali ƙafafunsu yake karantawa. Nakan ce mishi ƙarya yake, aljanu ke raɗa mishi. Shi kuma ya ce ni ko sawun giwa na gani sai na tambaya ko akuya ce ta wuce.

Da anka buɗe makarantar, ya gina ɗaki shida na jar ƙasa a filin da ke jikin gidansa, suna kallon tsakar gida ɗaya, da wani ƙaramin ɗaki na ajiye hatsi, don kowane yaro da buhun geronsa yake zuwa daga gida. Uba kan kawo ɗansa ya damƙa mishi hannu da hannu, ya ce ga amana. Wasu masu gidajen haya amin kawai suke cewa. Shi sai ya ɗauki kalmar da gaske, abin har ya zama ciwo.

Ranar da yaro ya kama ɗaki, kafin ya sauke akwati, sai a kwaɓa yumɓu a kan guntun katako, ya tuɓe takalmi ya taka da ƙafar dama. A shanya, a jera a kan kanta cikin zaure. Rajistarsa ke nan, ban kuwa taɓa ganin ya rikita na wani da na wani ba. Kowace safiya in yara sun fita makaranta, sai ya ɗauki tsintsiyar kaba ya share tsakar gidan yana ja da baya, tun daga ɗakin hatsi har ƙofar zaure, rairayin ya kwanta sumul kamar an shafe shi da hannu, sannan ya ja ƙyaure. In sun dawo da azahar ba mai shiga sai shi da shugaban ɗalibai sun tsaya bakin zaure sun dubi ƙasa tare. Da kansa ya kafa wannan doka, wai don kada a ce mai gida shi kaɗai ke gani, shi kaɗai ke faɗi. An taɓa samun wani mai wayo da ya gudo daga aji, ya sa takalmin abokinsa, ya shiga da baya da baya don ya ci ƙuli-ƙulin wani. Taubashina ya duba, ya kira sunan garin yaron, ya kuma ba shi shawara in za shi sake ya riƙa danna diddige, don mai tafiya da baya yatsu yake fara kafawa.

Kan katanga ƙayar sarƙaƙiya ya jera. Ya ƙi fasassun kwalabe, ya ce ƙaya ta soki mutum ya koma gida da ƙafarsa, kwalba kuwa sai ta nakasa ɗan maƙwabci da ya hau neman ƙwallo. Bayan ɗakuna ya ajiye zabi, su ne masu gadi, baƙo bai isa ya leƙo ba su tara mishi unguwa ba. Ni kuma ya ba ni aikin rubuta dokoki a bangon zaure da bula. Baƙo ya tsaya a zaure, ko uban yaro ne. Kada a kunna risho cikin ɗaki. Wanda za shi kwana wani wuri ya faɗa tun da rana. Na ƙara ta huɗu daga kaina, cewa duk wanda anka kawo wa kilishi daga gida ya fara kai wa taubashin mai gida. Wata uku ana bin wannan doka sau da ƙafa kafin wani munafuki ya karanta mishi ita.

Faɗanmu mafi tsawo a kan kwaɗon kulle ƙofa munka yi shi. Na sayo wani ƙato a hannun fataken Maraɗi, na ce a sa wa ɗakin hatsi. Ya jujjuya shi a hannu, ya ce kwaɗo iyakarsa ya gaya maka an shiga, ba ya gaya maka wa ya shiga, kuma duk gidan da anka rataya shi yara sai su fara duban juna. Na ce ƙauyanci ne kawai ke damun shi. Ya ce in kai wa matata ta rufe bakina da shi. Mun yi wata biyu ba mu gaisawa sai ta hannun matarsa, ko da yake ban fasa zuwa cin tuwo ba, tunda ba da ita nake faɗa ba.

Sai ruwa ya ɗauke. Shekarar farko gero ya fid da kai ya bushe a tsaye. Ta biyu ko shuka ba ta tsira ba. Gulbi ya koma rairayi zalla, mata na haƙa rami tsawon mutum kafin su cika tulu ɗaya. Shanu na gangarowa daga arewa ƙashi da fata, bayansu mutane, su ma haka. Buhunan da iyaye ke kawo wa yara sunka koma rabi, daga nan sunka koma ƙulli a bakin zane. Zabin nan masu gadi ɗaya bayan ɗaya sunka shiga tukunyar yara, da hannunsa ya yanka su, gidan ya yi wani irin shiru da ba mu saba da shi ba.

A ƙasa ya fara ganin yunwa kafin ta fito a fuska. Ya ce mini takun yara ya gajarta, diddige ya fara ja. Ya san wanda ya kwana bai ci ba, sai ya aika mishi da fura, ya ce mai ɗakinsa ce ta dama ta yi yawa, a taimaka kada ta lalace. Wanda ya fi samun wannan fura shi ne ɗan Turba, mai ɗaki na shida, na ƙarshe a jerin. Siriri ne, marar magana, ya iya lissafi har malamai na tura shi gaban allo. Ƙafarsa ƙarama ce ƙwarai, abokansa na kiranta ƙafar amarya, shi dai sai ya yi murmushi ya ɓoye ta ƙarƙashin wando.

Cikin masu gangarowar nan akwai surukar taubashina, uwar matarsa, daga wani ƙauye can bayan iyaka. Ta zo da matar ɗanta da jikoki biyar, amma ita kaɗai ta shigo gidan. Sauran ta bar su gindin wata tsamiya a bakin gulbi, ba ta faɗa ba, don kunya ba ta barin mace ta kwaso baki shida ta sauke a gidan suruki. Yaran yanzu da ke zama kujera ɗaya da surukansu kowa na kallon waya ba za su gane wannan ba. Taubashina bai taɓa haɗa ido da matar nan ba, bai taɓa cin abinci inda za ta gani ba, in ya hango ta a hanya sai ya tuɓe takalmi ya durƙusa ya kau da kai. Ko wata mai irin sunanta ya gamu da ita, mai sunan inna yake ce mata. Kowa a gidan ya taka yumɓu, har da ni. Ita wa za shi ce mata ta taka?

Tsakanin cikin gida da wajen yara akwai wata 'yar ƙofa da ake miƙo abinci, daidai gefen ɗaki na shida. Wurin daɓe ne, ba ya kama sawu. Wata rana taubashina ya leƙa kafin yara su dawo, sai ya ga sawu ya fito daga daɓen ya tafi ɗakin hatsi ya komo. Ƙaramar ƙafa, ba takalmi, diddige duk kaushi, yatsu sun baje irin na wadda ta yi shekara sittin tana ɗaukar tulu. Kallo ɗaya ya yi mata. Ya share, ya ɗebo gero daga rumbunsa ya cika abin da anka rage. Washegari ma haka. Mutumin da ya kafa doka don kada ya gani shi kaɗai, ga shi yana riga kowa gani yana gogewa. Da yake ba ni labarin na tambaye shi mi ya hana shi aika mata da hatsin ta hannun matarsa. Ya ce aikawa na nufin ya gani. Haka ya yi ta yi har ranar da ya sa hannu a rumbu ya taɓo ƙasa.

Ranar da abin ya faru an yi jana'izar wani maƙwabci da hantsi, munka daɗe a maƙabarta don ƙasa ta yi tauri. Ko da munka dawo yara na tsaye bakin zaure. Sun bi doka, ba wanda ya shiga, sawun kuwa na kwance a fili kowa na gani. Ɗan Alkalawa ya riga ya lura buhunsa ya yi kwana biyu yana raguwa. Ɗan Turba kaɗai ne bai je makaranta ba ranar, zazzaɓi ya kwantar da shi, ga kuma sawu ya taso daga wajen ƙofarsa, can ya koma. Wani ya ɗauko yumɓunsa daga kanta ya ajiye gefen sawun. Tsawo ɗaya, faɗi kusan ɗaya. Ga idon ɗan makaranta magana ta ƙare.

Yaron ya fito yana dafa bango. Ƙofarsa a buɗe take tun safe, ba shakka ya ga wadda ta wuce. Bai tona ta ba. Taubashina kawai yake kallo, irin kallon wanda ya san gaskiya na hannun babba, yanzun nan za a faɗe ta.

Ɗan Alkalawa ya ce, "Baba, ga ƙasa nan. Faɗa muna."

Taubashina ya duƙa. Ya daɗe a duƙe, har na fara shirya abin da za ni tsokane shi da shi. Sannan ya miƙe.

Ya ce, "Ban gane ba."

Ba wanda ya taɓa jin wannan magana a bakinsa. Yara sunka fassara ta yadda hedimasta ya fassara ta a zaure bayan shekara arba'in. Ba su doki yaron ba, ba su zage shi ba. Akwatinsa na kwano kawai sunka fito da shi sunka ajiye a zaure, kowa ya shige ɗakinsa. Taubashina ya ce mishi ya zauna, ba wanda ya kore shi. Yaron ya ce, "Na gode, Baba." Ya ɗora akwatin a ka, da zazzaɓin da komai, rana na tsakiyar kai, ya fita.

Na yi zato ranar. Na san ba sawun da ke gagarar taubashina, na kuma dubi 'yar ƙofar. Sai na ce wa kaina ba a kira ni shaida ba, na wuce cikin gida anka zubo mini ɗan abin da ke akwai. Na rubuta wannan ne don kada wani ya ce mai rubutu ya wanke kansa.

Ya yi ta jiran yaron ya huce ya dawo. Da la'asar ta yi bai dawo ba, ya bi sawun. Ya bi shi har gulbi, ya ga inda ya sauke akwati ya huta har sau uku, ya ga inda ya durƙusa a kan gwiwa biyu ya sake tashi. A tsakiyar rairayin wani garke mai gangarawa kudu ya bi ta kai ya tattake komai. Ya haye, ya yi ta bin gaɓar gabas da yamma, sawun bai fita ta ko'ina ba. Kwana biyu yana wannan, rana ta uku ya isa Turba. Yaron bai iso ba, amma labarin ya iso, 'yan kasuwa sun kai shi. Uban ya karɓe shi a tsaye, ya ce ya ji ɗansa ya ci amanar gidan mutane, a yi haƙuri. Taubashina ya juyo bai wanke yaron ba. Ya yi watanni yana yawon kasuwanni da tashoshin mota yana kallon ƙasa. Ba a ga yaron ba, ba a ga akwatin ba, har yau.

Da ruwa ya sauka surukar ta koma ƙasarsu, can ta rasu. Taubashina ya kwashe yumɓun nan duka ya farfasa ya zuba a rami, sannan ya aiko a karɓo kwaɗona. Na tafi da niyyar yi mishi dariyar nasara, na dubi fuskarsa na fasa. Bai ƙara bin sawun ko jaki ba, duk wanda ya zo sai ya ce idonsa ya mutu. Ɗaki na shida kuwa bai sake sa kowa ciki ba, ko lokacin da yara ke kwana huɗu huɗu a sauran. Amma kowace safiya sai ya share gabansa. Bayan shekaru, wata rana da hantsi, ya ja hannuna ya kai ni wurin ya ce in duba. Ya ce yaron yakan zo, ƙafar dama kaɗai, ya tsaya bakin daɓe yana fuskantar zaure. Na ce tsufa ne, ko kuwa kyanwa. Na dai duba. Ni mutum ne mai ilmi, ban yarda da irin waɗannan abubuwa ba. Akwai 'yar lotsawa a rairayin, ƙarama, da yatsu biyar. Ban sake bi ta wajen ba.

Washegarin jana'izar taubashina na ja babban ɗansa gefe na faɗa mishi wasiyyar. Ya ce, "Baffa, kakata ce fa. Inna kuma na cikin takaba. Mi za a gyara yanzu?"

Ya ce in har sai na tozarta gidan da ya ciyar da ni, in bari a yi arba'in. Na ce gobe mutanen da sunka ji wancan labari za su watse. Ya ce to in shiga in tambayi mai takaba da kaina. Ya zaci ba ni iyawa, ni ma haka na zata.

Na same ta a kan tabarma da tasbaha a hannu. Shekara hamsin ina ce wa matar nan tuwonta ya yi gudaji, ranar sai na rasa ta inda ake fara yi mata magana. Na zauna bakin ƙofa na shiga kewaye-kewaye, ina maganar zafi da tsadar gero. Ta katse ni.

"In zancen ɗan Turba ne, ni na nuna wa inna ɗakin hatsin. Ni ke tsaya mata a ƙofa."

Ta ce ta san ya sani tun ranar da ta ga rumbu na raguwa alhali ba ita ke ɗiba ba. Shi yana ɓoye mata don kada ta ji kunyar uwarta, ita tana ɓoye mishi don kada ya san ta san abin da ya yi a gaban yara, haka sunka tsufa a ɗaki ɗaya. Cikin jikokin nan biyar, ta ce, biyu sun rayu. Ta ce in faɗi, in kuma haɗa da ita, kada in ɗora wa matacciya ita kaɗai.

Ranar uku, da liman ya shafa fatiha, kafin a fara neman takalma, na miƙe. Na faɗi abin da na rubuta nan, a gajarce. Ba wanda ya yi kabbara. Babban ɗan ya tashi ya shige gida, har yau gaisuwarmu ba ta wuce ɗaga hannu. Hedimasta ya cire tabarau ya riƙe, sannan ya ce shi ne ya fito da akwatin. Ya tambaye ni ko akwai sauran wani na yaron a Turba.

Bayan kwana biyu munka tafi da hantsi a babur biyu, don mu dawo da sauran rana. Iyayen sun daɗe da rasuwa. Saura ƙanwarsa, ita ma ta tsufa, munka same ta tana zuba wa awaki dusa. Hedimasta ya fara bayani, ya fi ni iya tsara magana, amma a tsakiya ya tsaya, sai ni na ƙarasa. Ta saurara ba ta ajiye kwanon ba. Ta ce innarsu ba ta taɓa yarda ba, kullum tana cewa yaron da ba ya iya ɗaukar ƙosai a faranti sai an ce ɗauka, ina shi ina sata. Babansu kuwa ya yarda, ya hana a ambaci sunan yayanta a gidan har ya mutu. Ita kanta da ta haifi ɗanta na fari ta so a sa mishi sunan, anka hana ta.

Hedimasta ya jingine sanda ya durƙusa, ya roƙi gafara, tasa da ta taubashina. Ta ce ya tashi, ƙasa da zafi.

Ta ce, "Nawa na yafe. Na yayana ba a hannuna yake ba. Mai shi bai dawo ba."

Ta kawo muna ruwa munka sha. Ta ce mu dawo ranar kasuwa mu faɗa a ƙofar masallaci, inda anka faɗi na farkon. Mun koma mun faɗa. Tsofaffi uku ne kawai sunka tuna da yaron, ɗaya ya ce dama shi bai taɓa yarda ba, na kuwa san ƙarya yake.

An saba rufe irin wannan rubutu da nema wa mamaci rahama, na kuwa nema, ina kan nema. Allah ya dubi furar da ya aika da zabin da ya yanka, ya dubi yaran mutane da sunka kwana lafiya a gidansa sunka zama iyaye da kakanni. Amma na san taubashina, ba abin da za shi zaunar da shi sai ya ga yaron. Allah ya sa inda ya tafi akwai wanda ya san ta inda ɗan Turba ya fita daga gulbi, ya kai shi gabansa. In an sake tambayarka a can, taubashi, ba suruka, ba kunya. Ka ce ka gane.